Komawa Bakin Teku Bayan Ritaya da Ɗan Fansho: Tambayoyin Mutanen Sakkwato

Tun da na ajiye aiki muka fara raba shekara biyu ni da uwargidana, rabi a Sakkwato, rabi a Badagiri da ke jihar Legas, saboda asmar da ke tayar mata duk lokacin da hazo ya sauka. Daga nan ne abokan aikina na da, da waɗanda ritayarsu ke ƙaratowa, suka mai da ni wurin tambaya. Wani ya tare ni a ƙofar masallaci, wani ya biyo ni gida bayan la'asar. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Na amsa su da abin da idona ya gani da abin da aljihuna ya ɗanɗana.

Malam, mu da muke cikin zafi, me za mu je nema a garin da shi ma ake cewa yana da ɗumi?

Zafi suna ya tara. Namu na Sakkwato daga Maris zuwa Mayu kowa ya san shi: ma'auni ya haura digiri 40, bango ya riƙe wuta har tsakar dare, ruwan randa ya koma kamar an ɗora shi a murhu. Lokacin ne kuma sanƙarau ke yawo. Matashi yana jurewa. Dattijo mai hawan jini ko ciwon suga kuwa, watannin nan uku suna cin jikinsa fiye da sauran tara. Kafin su kuma ga hunturu da ƙurarsa, daga Disamba zuwa Fabrairu, wadda ke hana mai asma barci.

A gaɓar teku ma'aunin yakan tsaya tsakanin 25 da 33 kusan duk shekara. Ba ya hawa irin namu, ba ya kuma sauka irin sanyin asubar Janairu. Hazo yana isa can, amma ya riga ya gaji a hanya, kwanaki kaɗan yake yi ya wuce. Wannan shi ne abin da mutum zai je nema, kuma ba ƙaramin abu ba ne. A shekararmu ta farko Hajiya ta yi wata huɗu ba ta taɓa abin shaƙarta ba sai sau biyu ko uku. A gida kuwa ƙarƙashin matashi yake kwana.

To ke nan can ɗin sanyi ne da daɗi?

A'a. Kada kowa ya yi maka wannan alkawari. Iskar can jiƙe take. Gumi ba ya bushewa a jiki, sai ka yi wanka ka fito ka ji kamar ba ka yi ba. Rigar da za ka shanya a Sakkwato ta bushe kafin ka idar da sallah, can tana iya kwana biyu a igiya. Daga Fabrairu zuwa Afrilu akwai dare mai nauyi wanda idan babu wuta ko iskar teku, barci sai an yi da gaske.

Ruwan sama kuma wani abu ne daban. Abin da ke sauka mana a shekara bai cika wuce milimita 700 ba. Na Legas ya ninka wannan fiye da sau biyu, na Kalaba kuwa ya kusa 3,000. Yuni da Yuli sai a wuni a kwana ana yi. Akwai dattijan da danshin nan ke tayar musu da ciwon gwiwa, akwai kuma mai asmar da ƙura ba ta dame shi ba kamar yadda fumfunar bango ke damunsa. Jiki da jiki. Shi ya sa nake cewa kowa ya je ya gwada da nasa jikin kafin ya yanke shawara.

Wane gari ne ya dace da mai ƙaramin ƙarfi?

Ka cire tsakiyar Legas daga lissafi tun farko. Kuɗin haya da cunkoso ba na mai fansho ba ne. Garuruwan da na ga mutanenmu na dubawa su ne waɗannan.

Badagiri tana ƙarshen yammacin jihar Legas, kusa da iyakar Seme. Tsohon gari ne na mutanen Egun, mai kwakwa da kifi, mai tafiyar hawainiya idan aka kwatanta da Ikko. A nan ne benen nan na 1845 yake, wanda ake kira bene na farko a Najeriya, da hanyar Gberefu da aka riƙa bi da bayi zuwa jiragen ruwa. Akwai babban asibitin gwamnati, akwai kasuwar Agbalata, akwai Hausawa masu harkar kan iyaka da canji da kayan gwari. Aibinta hanya: idan abu ya kai ka cikin Legas, ka ware wuni guda.

Epe tana gabas, a bakin tafkin da ke haɗe da teku. Gari ne da Musulunci ya daɗe da kafuwa, har bikinsu na Kayo-Kayo ma da shigowar sabuwar shekarar Musulunci ake yin sa. Kasuwar kifinta ta shahara. Sai dai tun da manyan ayyuka suka cika yankin Lekki, matatar man Ɗangote da sabuwar tashar jiragen ruwa, farashin fili da haya ya fara tashi a wajen.

Kalaba gari ne mai tsabta da natsuwa, kuma unguwar Bogobiri ta Hausawa ce tun da daɗewa, da masallaci da masu tsire da komai. Akwai asibitin koyarwa. Amma ta yi nisa da gida ƙwarai, ruwanta ya fi na ko'ina yawa, kuma Musulmi tsiraru ne idan ka fita daga unguwar.

Ni ba na zaɓa wa mutum gari da taswira. Tambayar da nake yi masa ita ce: a wanne daga ciki kake da mutum? Ɗa, ƙane, suruki, tsohon ɗalibi, abokin ciniki. Inda amsar take, can ne garinka.

Kwatano ko Lome fa? An ce sun fi kwanciyar hankali da tsayayyar wuta.

Zangon Kwatano da na Lome da na Akara duk cike suke da Hausawa, wasu ma kakanninsu fataken goro ne daga ƙasar Sakkwato da Kabi. Ba za ka rasa mai jin harshenka ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba ka damar shiga ka zauna kwana 90 ba tare da biza ba, muddin kana da takardun tafiya. Bayan haka sai ka nemi katin zama.

Matsalar a kuɗi take. Fanshonka da naira ake biya, hayarka da cefanenka kuwa da sefa za ka yi su. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa mun ga abin da ya same ta tun da aka sake ta a Yunin 2023. Wanda ya tsara zamansa a Kwatano da lissafin farkon waccan shekara, kafin shekara ta zagayo kuɗinsa ya koma kusan rabi a hannun ɗan canji, alhali bai ƙara kashe ko sisi ba. Mai fanshon naira ya zauna a ƙasar naira. Idan yana son ganin Kwatano, daga Badagiri tafiyar safiya ce, ya je kasuwar Dantokpa ya yi kallo ya dawo.

In sayar da gidana na Sakkwato in sayi wani a can?

Wannan ita ce tambayar da ta sa na zauna rubuta duk sauran. Don Allah kada ka sayar.

Gidan nan, ko na ƙasa ne a Gidan Igwai ko Mabera ko Rijiyar Ɗorawa, shi ne abu ɗaya da hauhawar farashi ba ta cinye maka ba. Fansho yana narkewa, garatuti yana ƙarewa cikin shekara biyu idan ba a yi hankali ba, gida kuwa yana nan. Ranar da ka sayar da shi, kuɗin zai yi maka kama da mai yawa. Ka kai shi kudu ka ga abin da zai saya: fili a bayan gari inda ruwa ke kwanciya, sannan ka fara gini da farashin siminti na yau. Kafin ka kai linta kuɗin ya ƙare, ga ka baƙo, ba gida can ba gida nan.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Mu mutanen Sakkwato mun san cin rani tun kaka da kakanni. Bayan an kai amfanin gona rumbu, mutum ya ɗauki jakarsa ya yi kudu, da ruwan farko ya dawo. Ba wanda ya taɓa sayar da gonarsa don zai tafi cin rani. Abin da nake ba da shawara shi ne dattijo ya yi irin wannan. Ya tashi a Disamba lokacin da ƙura ta fara, ya tsallake hunturu da bazara, ya dawo a Yuni. Dubi yadda Allah ya daidaita abin: daidai lokacin da ruwa ke addabar gaɓar teku, lokacin ne Sakkwato ke yin kyau, gari ya yi sanyi, gero ya rufe ƙasa, nono ya wadata. Kana cin mafi kyawun wata shida na kowane wuri.

Idan bayan shekara biyu ko uku kana wannan zirga-zirga zuciyarka ta kwanta da can, sai a sake zama a yi magana. Ko a lokacin, ka ba da gidan haya, ko ka zaunar da ɗa a ciki, ka keɓe wa kanka ɗaki ɗaya da makullinsa a aljihunka.

Amma ai haya ta shekara ake biya. Ba asara ba ce in biya shekara in zauna wata shida?

Gaskiya ne, kuma a nan ne dabara ke shigowa. Wasu suna haɗa kai da ɗan kasuwa na gida mai zuwa da komawa, su raba kuɗin ɗaki biyu. Wasu suna ƙara wa ɗansu da ke can kuɗi ya kama gida mai ɗaki ɗaya fiye da buƙatarsa. Mu wannan na biyun muka yi. Ko da ka biya shekara ka zauna rabi, ya fi maka sauƙi nesa ba kusa ba a kan ka rasa gidan gado.

Yaya ake kama haya ba a cuci mutum ba?

Abin da aka faɗa maka a matsayin kuɗin haya ba shi ne abin da za ka biya ba. Akwai kason dillali, akwai kuɗin rubuta yarjejeniya, kowannensu yawanci kashi 10 cikin 100, akwai kuma kuɗin ajiya na ɓarna. Ka tambayi jimillar tun kafin ka je ganin ɗaki. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, in ban da wasu unguwannin masu hali da dokar ta ware. Duk da haka za ka ji ana neman na shekara biyu. Kana da ikon ka ƙi.

Ni kaina an taɓa ni. Wani dillali ya karɓi kuɗin duba gida a hannuna, ya zagaya da ni gidaje uku, ashe biyu daga ciki da mutane a cikinsu, na ukun kuma ba shi da hurumin bayar da shi. Kuɗin bai dawo ba. Tun daga nan ba na miƙa komai sai na ga mai gidan ido da ido, a gaban wani daga cikin dattawan Hausawan garin, kuma ta banki nake turawa don shaida ta zauna.

Abu mafi muhimmanci: ka ga gidan da damina, ko ka aika wanda ka yarda da shi a watan Yuni. Idan da rani ka je, ka durƙusa ka dubi gindin bango. Gida na biyu da aka nuna mana fes yake, sabon fenti har yana ƙamshi. Hajiya ce ta ja ni bayan ɗakin girki inda mai fentin bai kai ba, ta nuna mini wani layi ruwan ƙasa da ya zagaye bangon daidai gwiwata. Nan ruwa ya tsaya a daminar da ta wuce. Ka ɗanɗana ruwan rijiyar gidan kuma. Kusa da teku wani yana da gishiri, wani ja ne yana ɓata fararen kaya, sai ka koma sayen ruwan sha kullum, wanda shi ma kuɗi ne da ba ka sa a lissafi ba.

Idan ina da ɗan abin hannu, in sayi fili?

Ba a shekarar farko ba, ba a ta biyu ba. Rikicin masu cewa filin kakanninsu ne, waɗanda ake kira omo onile, ya kai har jihar Legas ta yi doka a kansa a 2016. Ana sayar da fili ɗaya ga mutum uku. Idan lokacin ya yi, sai da lauyanka na kanka, ba na mai sayarwa ba, a bincika takardu a ofishin filaye, a tabbatar gwamnati ba ta riga ta karɓe wurin ba.

Fanshona zai biyo ni can?

Ya danganta da tsarin da kake ciki. Idan kana cikin tsarin adashen fansho da dokar 2004 ta kawo, aka sabunta a 2014, wanda hukumar PenCom ke sa wa ido, kuɗinka banki yake shiga ko'ina kake a Najeriya. Ka dai sanar da kamfanin da ke riƙe da asusunka sabon adireshi da lambar waya. Tsofaffin ma'aikatan tarayya da ke ƙarƙashin PTAD, hukumar da ke kula da tsohon tsarin fansho, su ma yanzu suna iya tabbatar da suna raye ta waya ko kwamfuta, ba sai sun yi tafiya ba.

Wanda ya kamata ya yi hattara shi ne ɗan fanshon jiha ko na ƙaramar hukuma. Ana iya kiran tantancewa a ce kowa ya zo da kansa, kuma sanarwar a rediyon gida za a yi ta, kai kuwa kana nisan kilomita 1,000. Wanda bai zo ba a tsayar da nasa, dawo da shi kuma sai an sha wuya. Ka bar mutum biyu a ƙungiyar 'yan fansho da za su kira ka da zarar sun ji, ka kuma ajiye kuɗin motar gaggawa da ba ka taɓawa. Idan garatutinka bai fito ba tukuna, kada ka gina tafiyar a kansa.

Nawa zai ishe ni a wata?

Ba zan faɗi adadi ba, domin farashin da zan rubuta yau kafin ka karanta ya canza. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 babu lissafin da ke kwana. Ga dai ma'aunin da nake amfani da shi. Ka raba kuɗin hayar shekara gida 12, ka haɗa da kuɗin zuwa da dawowa na mutum biyu shi ma a raba 12. Idan waɗannan biyun sun cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na fanshonka, zaman zai zama azaba. A ce kana karɓar naira 90,000, to haya da mota kada su wuce 30,000 a wata. Wanda fanshonsa bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, kuma ba shi da ɗa ko ɗan'uwa da zai sauke shi, gaskiyar da zan faɗa masa ita ce ya sa kuɗin a gyaran ɗakinsa na gida: silin, taga mai kyau, fanka mai aiki da hasken rana, da itacen dogon yaro a tsakar gida.

Abinci fa? Ni ban iya rayuwa ba fura.

Za ka samu, amma da tsada, kuma ba irin ta gida ba. Duk abin da muke ɗauka ba komai ba a nan, can kaya ne da ya yi tafiyar kwana biyu a mota: gero, dawa, albasa, tumatir, nama. Albasar da ake lodawa daga Gada da Goronyo da Aliero ita ce za ka tarar a kasuwar Mile 12 ta Legas, an ɗora mata kuɗin mota da na hanya da ribar hannu uku. Abin da ke da sauƙi shi ne kifi, garin rogo, manja, kwakwa, ayaba da ganye. Wanda ya koyi cin abincin wurin yana rage kashe kuɗi sosai. Wanda ya ce sai tuwon dawa da miyar kuka kullum zai biya.

Muna tafiya da busassun kaya daga gida: kuka, kuɓewa, daddawa, yaji, kilishi. Amma a yi hankali da hatsi. Shekarar farko na kai buhun gero guda, na jingine shi a bango kamar yadda muke yi a gida. Bayan mako shida Hajiya ta kwance bakinsa, sai wani wari ya bugo mu, ta tura hannu ta ciro dunƙule kore, ƙwari na bin yatsunta. Rabin buhun muka zubar, ta yi shiru wuni guda, domin geron gonar mahaifinta ne. Yanzu a jarkoki masu murfi muke zubawa, a ɗora kan katako, kuma ba ma kai fiye da na wata biyu.

Kayan gida in kwashe in tafi da su?

Kaɗan. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, tana cin ƙarfe. Keken ɗinki, fanka, janareta, babur, kwanon rufi, har makulli, duk tsatsa na kama su da wuri. Littattafai da takardu kuma danshi ne abokin gabarsu. Takardun aikinka da na gida ka bar su a Sakkwato, ka tafi da kwafi.

Idan ciwo ya tashi fa?

Sauro can ba shi da lokaci, duk shekara yana nan, don haka gidan sauro dole ne tun daren farko. Zazzaɓin da ka saba jinsa da damina kaɗai yana iya kama ka a Fabrairu.

Kafin ka tashi, ka je wurin likitan da ya san ka, ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko inda kake zuwa, ya rubuta maka taƙaitaccen tarihin ciwonka da sunayen magungunanka. Ka tafi da maganin wata biyu aƙalla. Da ka isa, ka buɗe kati a asibitin gwamnati mafi kusa tun kana da lafiya. Inshorar lafiya ta jiha galibi a cikin jihar take aiki, don haka ka tambaya ko taka za ta bi ka. Jihar Legas tana da tata mai suna Ilera Eko ga mazauna jihar. Sannan ka auna nisan gidan da asibiti da dare, ba da rana ba. Wa zai ɗauke ka ƙarfe biyu na dare? Idan ba ka da sunan da za ka ambata, gidan bai yi ba komai arharsa.

Ba na jin Yarbanci. Zan iya zama?

Za ka iya. Turancin buroka yana biyan buƙatar kasuwa, a unguwar Hausawa kuwa kamar kana gida. Amma ka koyi gaisuwa. Yarbawa mutane ne masu girmama gaisuwa da furfura. Dattijon da ya gai da maƙwabcinsa da harshensa, ko da kalma uku ce, ya sayi mutunci da arha.

Ranar da ka sauka, ka nemi a kai ka wurin Sarkin Hausawa da limamin masallacin unguwa ka gabatar da kanka. Ba al'ada ce kawai ba. Su ne za su san ka idan rigima ta taso da mai gida, su ne za su tsaya idan wani abu ya faru.

Kaɗaici fa? Wannan ne ke ba ni tsoro.

Ya kamata ya ba ka. A Sakkwato ba ka san yawan abin da jama'a ke ɗauke maka ba sai ka bar su. Majalisar ƙofar gida, ɗaurin aure kowace Asabar, suna, ta'aziyya, jikan da ke shigowa ya ce Inna ta ce a gaishe ka, mai shagon da ke ba ka bashi har fansho ya shigo ba tare da ya rubuta ba. Duk wannan dukiya ce, kuma ba ta shiga mota. A can kowa yana fita da asuba neman abinci. Hausawan da za ka tarar yawancinsu matasa ne masu aiki, za su girmama ka, su ce Baba sannu, amma ba su da lokacin zama.

Mata sun fi jin wannan. Kai kana fita masallaci sau biyar. Ita fa? Kafin a yanke shawara a zauna da ita a tambaye ta da gaske, ba a sanar da ita ba. Hajiya ta sami sauƙin numfashi, amma watan farko kullum da yamma sai ta kira ƙanwarta su yi ta hira har katin ya ƙare. Abin da ya zaunar da ita shi ne wata islamiyyar matan aure da ta samu, inda yanzu take taya su karatun Ishiriniya. Ni kuma yara shida nake koya wa lissafi da yamma a barandar masallaci. Ɗan abin da iyayensu ke kawowa yana sayen kifi, amma ba don shi nake yi ba.

Allah ya sa mu cika da imani, idan ajali ya riske ni can?

Amin. Tambaya ce ta mai hankali, kuma gara a yi ta da wuri. A gida makwanci ba abin damuwa ba ne, jama'a na ɗauka a kai ka cikin sa'o'i. A jihar Legas sau da yawa sai an biya kuɗin wurin, a wasu wuraren kuma ruwa yana kusa da ƙasa. Jama'ar Hausawa a kowane gari suna da tsarinsu na jana'iza, ka tambayi liman yadda yake, idan da gudummawar da ake bayarwa ka shiga. Ka faɗa wa 'ya'yanka a fili cewa inda ka cika nan za a rufe ka, kada su ɗora wa kansu ɗaukar gawa tafiyar kwana guda a mota. Ka rubuta basussukanka da abin da kake bi, ka bar kwafi ɗaya a Sakkwato.

An ce ana gina titi daga Sakkwato har Badagiri. In jira shi?

Aikin gaskiya ne. An ƙaddamar da shi a Illela a Oktoban 2024, tsawonsa kilomita 1,068, zai ratsa Sakkwato, Kabi, Neja, Kwara, Oyo, Ogun ya ƙare a Legas. Maganarsa tun zamanin Shugaba Shehu Shagari ake yin ta. Ina fatan in hau shi da raina. Amma mai shekara 60 ba ya tsara rayuwarsa a kan titin da ake kan ginawa. Hanyar da ke akwai ita ce ta Jega, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, Jebba, Ilori, Ibadan, kuma tana cin wuni da dare. Ka raba ta biyu, ka kwana a hanya, kada ka yi tafiyar dare, ka kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a makon da za ka tashi. Jirgi daga filin Sultan Abubakar na III ya fi sauƙi ga jiki, ga wanda 'ya'ya za su iya haɗa masa kuɗin.

Daga ina zan fara?

Daga ziyara ta mako shida, kai da iyalinka, a gidan wanda ka sani, a watan Maris ko Afrilu lokacin da bambancin garuruwan biyu ya fi fitowa. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta duk abin da ka kashe, har kuɗin ruwan leda da na babur. Ka auna hawan jininka kafin ka tafi da bayan ka dawo. Ka lura da barcinka da nata. Idan hali ya yi, ka sake komawa mako biyu a Yuli ka ga wurin a cikin ruwa.

Kafin ka fita gida, ka biya kuɗin wuta, ka ɗaga buhunan hatsi daga ƙasa, ka ba maƙwabci makullin zaure ya riƙa buɗewa yana shan iska. Namu maƙwabcin yakan shayar mana da ɗan lemun tsamin da ke tsakar gida, idan ya ga hadarin farko ya haɗo daga gabas sai ya kira ni ya ce, Malam, ku shirya ku taho, garinku ya yi sanyi.